Jiƙaƙƙen Buhun Yaya Sani

Jama'a, ku ji abin da ya faru da ni yau!

Kun san motar marigayi Yaya Sani, mai turbon nan da na gada. In rana ta take, iskar da ke shiga inji sai ta ɗau zafi, motar ta ƙi ja. Shi dabararsa, sai ya jiƙa buhun algarara ya naɗe bututun iskar, kamar yadda ake yi wa randa don ta yi sanyi. Bayan rasuwarsa wani bakanike a Kano ya kwance buhun ya yar a gabana.

Yau da azahar numfashin Inna ya sarƙe. Na ɗauko ta daga garinmu Kahu, sai asibiti a Rano. A hanya motar ta fara rarrafe! Ina takawa, ina zaginta. Na tsaya, na ruga wani shago neman ƙanƙarar da zan sanyaya bututun. Mai shagon ya ce, "Malam, ina muka ga wuta?"

Na dawo na tayar. Wallahi sai ta fizga kamar da sanyin asuba!

Da aka karɓi Inna, na fito na buɗe bonet. Buhu! A jiƙe sharkaf, sanyi ƙalau, yana ɗiga. Ƙullin ma irin nasa.

Na koma ciki da gudu. "Inna, wa ya taɓa motar nan?"

Ta buɗe ido da ƙyar.

"Yayanka mana. Har ya leƙo ta taga, wai in sauko mu tafi. Na ce masa ba yau ba."