Inna Mai Ƙanƙara da Autarta

Shekara goma sha tara Inna Mai Ƙanƙara ta yi tana ƙulla ruwa a leda tana jerawa a firiza biyu da ke zauren gidanta. Da su ta aurar da 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta. Mace ce mai tsabtar tsiya, irin wadda in ka taɓa murfin firizarta sai ta bi bayanka da tsumma. Masu sayar da lemo na tsokanarta wai ko ƙuda sai ya wanke ƙafa kafin ya shiga gidan.

Da autarta ta dawo gida da ciki wata shida, saboda mijinta direba ne kullum yana hanya, sai aka fara jin ciwon shawara ya shigo unguwa. Wannan ido ya yi ɗorawa, wancan fitsari ya yi ja. Ma'aikatan lafiya suka bi gida-gida suna cewa ciwon hanta ne, nau'in E, ta ruwan da ƙazantar masai ta gurɓata yake yaɗuwa, kuma masu ciki ya fi yi wa illa. A tafasa ruwan sha.

Inna ta riƙe maganar da hannu biyu. Tukunya guda ta ware, kofi guda ta ware. Sai dai Auta ba ta iya haɗiye ruwa mai ɗumi, zuciyarta tashi take. Don haka Inna ta riƙa fasa ƙanƙara tana jefa mata a kofin, wani lokacin ma ta ba ta gutsure ta tauna. A saninta, abin da ya kwana ya daskare kamar dutse, babu mai ran da zai saura a cikinsa.

Bayan mako biyar idon Auta ya canza.

A barandar asibiti wata ma'aikaciya mai bin diddigin cutar ta zauna kusa da Inna da takarda.

"Mama, wane ruwa take sha?"

"Tafasasshe, 'yata. Da hannuna nake tafasawa."

"Ƙanƙarar da kike sayarwa fa, da wane ruwa?"

"Na famfo. Ai daskarewa yake yi."

Ma'aikaciyar ta ajiye biro. Cikin taushin murya ta ce bututun layinsu ta cikin kwata ya bi, ya kuma tsage, sannan sanyi ba ya kashe wannan ƙwayar cuta, adana ta ma yake yi. Ta roƙi Inna ta faɗi gidajen masu cikin da ke saye a wurinta. Inna ta lissafa bakwai, ko tsayawa tunani ba ta yi ba, domin duk ta san su.

Likita ya ce babu wani magani na musamman, sai ƙarin ruwa da jira. A kwana na uku Auta ta daina gane mutane. Inna, wadda ba ta taɓa rasa abin yi da hannunta ba, ta zauna a benci ba ta da abin wankewa, ba ta da abin gyarawa. Tsoro ya kama ta, kunya kuma ta fi tsoron.

Da la'asar surukinta ya iso daga tafiya, ya durƙusa gabanta, ido jawur.

"Inna, kar ki sa damuwa. Kowa ya shaida kin yi iya ƙoƙarinki. Da a hannun wani take sai in ce sakaci ne."

Inna ta nuna masa ƙofar ɗakin da Auta take kwance.

"Tashi ka shiga ka gan ta," ta ce. "In ka fito, akwai maganar da zan faɗa maka."