Yawon buɗe ido da Kawu Garba ya ƙi komawa

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar kawuna, Alhaji Garba, wanda tsofaffin unguwar Tandabawi suka sani da Garba Bahari saboda aikin jirgin ruwa da ya yi. A hannunsa na tashi a nan Makka, kuma daga bakinsa na fara jin sunan Ingila.

Bayan yaƙin duniya na biyu ya sauka Jidda ya kama aikin zuba gawayi a injin wani jirgin kaya. Tare da shi akwai amininsa Musa, wanda iyayensa suka zo ta Sudan. Jirgin ya lalace a wata tashar Ingila a tsakiyar sanyi, gyara ya ja lokaci. Sai wakilin masu jirgin ya riƙa kawo bas duk Lahadi, a kai ma'aikata kallon garuruwa, a dawo da su da yamma. Kawu bai taɓa ɓoye cewa ya ji daɗin fitar farko ba. Ya ga ganuwar dutse, ya ga coci mai tsayin da sai hula ta faɗi, ya damƙi ƙanƙara da hannunsa.

A wata fitar aka tsaya gaban wani tsohon gidan sarauta. Wakilin ya ce baƙaƙen cikinsu su tuɓe kwat, su tsaya da jallabiya kawai, hoton zai fi kyau. Musa yana tari tun a mota.

"Garba, ka ce masa ƙirjina," in ji Musa.

Kawu ya faɗa. Mutumin ya yi dariya, ya ce ai yanzu za a gama. Jama'a suka taru suna kallo. Wata mata ta cire safar hannu ta murza kuncin Musa, ta duba yatsanta ko baƙin ya fita. Aka yi ta gyara musu tsayuwa har haƙoransu suna haɗuwa.

Kafin sati ya zagayo Musa ya cika a asibiti. Kawu da wasu Yamanawa mazauna garin suka yi masa wanka, suka haƙa ƙasar da sanyi ya mayar kamar dutse. Ranar Lahadi bas ta zo kamar kullum, tana danna ham, wai yau bakin teku za a je. Duk sanda Kawu ya kawo nan a labarin, sai ya juya ya tofar da yawu. Bai sake shiga motar ba.

Yanzu jikokinsa kan tafi Ingila hutun sanyi. Ban hana kowa ganin duniya ba. Amma bara, da ɗayansu zai tafi, na faɗa masa sunan garin, na roƙe shi ya nemi maƙabartar Musulmi ya yi wa Musa addu'a. Ya dawo da hotuna fal waya, shi da abokai gaban gidajen sarauta, da kofin shayi da ya sayo mini. Da na tambaye shi maƙabartar, sai ya amsa yana haɗawa da Larabci.

"Wallahi ya ammati, ma fi wakt, ba lokaci, goggo. Bas ɗin ba ta jiran kowa."

Na ajiye kofin a inda ba zan riƙa ganinsa ba. Me Kawu zai ce da wannan? Me zai ce da masu tare tsofaffin alhazai a bakin Harami suna ɗaukar su hoto don tufafinsu sun ba su dariya? Ina jin kallon nan nasa zai yi, wanda ke sa mutum ya mayar da hannunsa aljihu.

Kawu bai bar gadon gida ba, bai bar kanti ba. Abin da ya bari ɗabi'a ce: in aka sallaci gawar baƙon da ba shi da kowa, sai ya sa kafaɗa ya raka ta. Shekaranjiya bayan la'asar ɗana Sani ya dawo a makare, ƙafafunsa duk ƙura. Na tambaye shi wa ya rasu. Ya ce wani alhaji ne, bai ji sunansa ba.