Mai Hatimi

Asubar Laraba muka tashi daga ƙauyenmu na ƙasar Yekuwa, ni da maƙwabcina. Shi ya yi lakwal, wato boko, aji huɗu, shi ya sa na ɗauke shi. Ni aikina ido, shi aikinsa baki.

Ga abin da ya fitar da ni. Sana na huɗa ya mutu da rani, damina kuma ta kusa. Shekarun baya na sayi hannun jari a wani asusun ajiya na Magaria, wanda muke ce wa kes. Suka ba ni koriyar takarda, na naɗe ta a ƙyalle na jefa a gwangwani. Yanzu ina son in mayar musu da ita, su ba ni kuɗina, in sayi sa. In ba sa, ba huɗa. In ba huɗa, kun san sauran.

Amalanken jaki ya kai mu bakin hanya. Jakin ya girme ni da hankali, duk inuwar da ya gani sai ya tsaya ya gaishe ta. Daga nan muka hau kabu-kabu guda, mu uku har da mai shi, dala ɗari huɗu kowa. Rairayi ya kayar da mu sau biyu. Na tashi ba ko ƙwarzane, na dafa layar da ke damtsena. Shekara uku tana nan, tun ciwon da ya kusa kai ni. Na ce wa maƙwabcina, "Ka gani?" Shi yana neman takalminsa.

Gonaki duk an share, an kai taki, kowa na kallon gabas. A tashar Magaria muka ci ƙosai. Ƙosan birni ya rame, dala biyar guda, kuma in ka yi atishawa sai ya tashi. Shayin dai ba laifi.

Kes ɗaki biyu ne da benci na zama. Muka yi layi har hantsi. Wata madam mai tabarau ta karɓi katina na shaida, ta ce, "Baba, kawo takardar." Na kwance ƙyallen a gabanta, karo na farko tun da na ɗaure shi. Sai ga farar takarda da rubutun malam, gida-gida kamar dara.

Ta duba, ta dube ni. "Baba, wannan ba a nan ake canjinta ba."

Na ce ita ce a gwangwanin. Ta jawo manyan littattafai biyu, baƙi da ja. Ta ce duk takardar jarin da ta bar hannun mai ita dole a rubuta lambarta, da ranar, da yadda aka yi, don kada wani ya kawo ta ya ci. Baƙin na wadda ta ɓata ne, jan na wadda aka sace. In ɓata ta yi, sai shaidu biyu da takardar mari, wato ofishin magajin gari, sannan in jira wata uku ko za ta fito. In sata ce, sai jandarma, da sunan wanda nake zargi.

Wata uku, gero ya kai gwiwa a gonar kowa ban da tawa. Zargi kuwa, mutum biyu ne suka san gwangwanin nan, ni da matata. Shekara talatin muna tare, yunwa biyu muka ci tare. Ban ga ranar da zan kai sunanta jandarma ba.

Maƙwabcina ya ce ai takarda ba ta da ƙafa, ɗauke ta aka yi. Madam ta miƙa hannu wajen jan littafin. Na taka masa ƙafa. Na ce, "Ɓata ta yi. Rubuta." Ta rubuta a baƙin, na dangwala yatsa.

Muka fito muka zauna gindin dalbejiya. Na ari salularsa na kira gida, aka kai wa matata.

Na ce, "Ke, koriyar takardar nan ta gwangwani fa?"

Ta ce, "Wace? Mai hatimi?"

"Ita."

"To ba ita ka ce in kai wa baduku ya ɗinka maka laya ba, lokacin da kake kwance? Cewa ka yi, ɗauki mai hatimi. Na buɗe duka biyun, ita kaɗai na ga an buga wa hatimi, shuɗi, har biyu. Waccan ai zane-zane ne kawai."

Sai na tuna, takardar layar da malam ya rubuta mini ita ma a ƙyalle take cikin gwangwanin. Hatimin malam nake nufi, zanen nan mai gida-gida, ita ta ɗauki hatimin ofis. Ta ce, "Malam, kana ji? Kuɗin mutane na tafiya." Na ce ina ji.

Na koma ciki, na tuɓe riga a gaban layi. Wata tsohuwa ta yi salati. Na roƙi reza, na farke layar a kan tebur. Baduku ya iya aikinsa, sai da na yi gumi. Ga ta nan, koriya, an ninke ta kamar ƙwayar goro, tana warin shekara uku. Lambarta na nan daram.

Na ce madam ta goge abin da ta rubuta. Ta ce littafin nan ba a gogewa, ba a yagewa, ajiye shi ake shekara da shekaru, masu bincike na zuwa su duba. Sai dai a ƙara layi a ƙasa cewa an same ta. Ta ɗauki bik za ta rubuta.

"Wa ya same ta?"

"Ni."

"A ina?"

"A jikina."

"Tun yaushe take can?"

"Tun kafin ta ɓata."

Ta cire tabarau ta kifa kai a tebur. Aka kira shugaban kes, shi ma ya karanta, ya fita waje ya daɗe. Da ya dawo ya sa hannu, ya ce tunda mai ita ne ya kawo ta ranar da aka rubuta, ba sai na jira ba. Bayan azahar suka sallame ni.

Muka kwana gidan wani ɗan'uwa. Washegari na sayi sa a kasuwa, baƙi, ƙahonsa ɗaya ya karkace. Kabu-kabu ba ya ɗaukar sa, don haka a ƙasa muka koma. Maƙwabcina bai rufe baki ba, duk ƙauyen da muka ratsa sai da ya bar musu labarin. Labarin ya riga ni isa gida, ban san ta yaya ba.

Abin da na koyo kaɗan ne. Abin da ka ƙulle, ka riƙa kwance shi kana dubawa. In za ka aiki mutum, ka nuna da yatsa. Kuma littafin nan da na so a goge, da wani ne ya tsinci takardar, shi zai tsaya mini.

Matata ta zagaya san, ta duba haƙoransa, sannan ta dubi damtsena da ba kome. Na ce shekara uku ta bar ni ina yawo ba tsari. Ta ce, "Ka warke ko ba ka warke ba?"

Na ja sana na kai turke.