Malam Labbo, wanda ya koya mana tarihin Indiya a zaurensa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Labbo ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni ina tsaye a kara, cikin shanu. 'Yarsa Balkisu ce ta kira daga Bakura. Na kashe wayar na zauna a ƙasa.

Da yawanku ba ku san shi ba. Malaminmu ne na tarihi a nan Mafara, lokacin aikin dam ɗin Bakolori, muna 'yan sakandare. Wani Ba'indiye ne ya koyar da shi a kwalejin horon malamai, da zai koma ƙasarsu ya bar masa littattafai da wata tsohuwar taswira. Abin da ke ciki babu shi a silabas, sai Malam ya riƙa tara mu a zauren gidansa bayan la'asar. Matarsa Inna Hajo tana turo mana dafaffen rogo da ƙuli.

A zauren nan na fara jin labarin garuruwan bakin kogin Indus, masu miƙaƙƙun tituna da magudanun ruwa na jan bulo, da rubutun da har yau ba wanda ya iya karantawa. A nan na ji labarin Buda, ɗan sarkin da ya fita daga fada ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, ya kasa komawa rayuwarsa ta da.

Babana mahauci ne. Ranar da na ce masa a Indiya akwai mutanen da ba sa yanka ko kaza, sai ya sa hula ya nufi gidan Malam, ni ina biye.

“Malam, mi kake koya ma ɗiyanga? An ce har da bautar gunki.”

Malam ya shimfiɗa masa buzu ya ce, “Alhaji, tarihi na. Mutane na da sunka rayu sunka mutu awa mu. Zamna ka saurara, in ka ji abin da ya saɓa ma addini, ka tafi da ɗanka.”

Baba ya zauna har aka kira magariba, suka yi sallah sahu ɗaya. Washegari ya aika masa da hanta.

Sai shekarar rikicin gonaki ta zo. Gonar su Malam tana wajen Maradun, cikin waɗanda aikin ya ci. Ƙanensa Hassan, wanda ke noma ta, yana cikin manoman da suka fita tare hanya. Aka buɗe musu wuta, shi bai dawo ba. Malam ya bi asibitoci, ya bi ƙauyuka, ya tambayi duk wanda ya tsira. Ba rai, ba gawa.

Mun ɗauka lesin ya ƙare ke nan. Bayan 'yan makonni sai ya aiko a kira mu.

Ranar bai buɗe taswira ba. Ya ba mu labarin wata mata da ɗanta ya mutu ta ƙi yarda, ta ɗauko shi ta kai wa Buda ya ba ta magani. Buda ya ce ta samo ƙwayar iri daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Malam ya ce, “Mu ce riɗi, shi kunka sani.” Ta bi gida-gida, kowa na da riɗi, kowa na da mamaci. Nan ta haƙura ta binne ɗanta.

Sannan Malam ya ce, “Ita dai ta samu abin da ta binne.”

Ba wanda ya iya ɗaga kai.

Tun daga lokacin, duk wanda ya yi sallama a ƙofar zaure, Malam sai ya katse magana ya juya da sauri. In ya ga ba Hassan ba ne, ya amsa sallamar a hankali, ya tambaye mu ina ya tsaya. Na ga wannan juyawar sau ba adadi. Har gobe in ina zaune a zaure aka yi sallama, ita nake tunawa.

Shi ya saya mini takalmi da nawa ya tsinke ana saura kwana kaɗan jarabawa. Bai taɓa ɗaga zancen ba.

Bara da damina na je gaishe shi a Bakura. Idonsa ya yi rauni, amma ya gane muryata. Bayan mun daɗe muna gaisawa ya ce in kai shi bakin dam. Na sa shi a mota muka tafi. Ya tsaya riƙe da kafaɗata, ya nuna tsakiyar ruwa da sandarsa.

“Gonarmu tana nan. Akwai tsamiya daga gabas.”

Ni ruwa kawai nake gani.

Ya ce, “Mutanen Indus an tono garinsu bayan dubban shekaru, an san sun yi zama. Namu wa za shi tonowa?”

Da za mu juya, ya matse hannuna ya ce, “Mu tafi gida, Hassan, rana ta yi.”

Sunana Bello. Ban gyara masa ba. Na ce to, Yaya.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Anjima bayan azahar za a yi masa sutura, yanzu zan kama hanya.

Ya Allah Ka gafarta wa Malam Labbo, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ilimin da ya ba mu ya zame masa haske. Ka haɗa shi da ɗan'uwansa a Aljanna, Ka ba Balkisu da 'yan'uwanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a. Ku sa da Hassan a ciki, shi ko sallar gawa ba a yi masa ba.