Ƙafafuna da fuskar taubashiyata

Ƙafafun da suka zagaya wayoyin mutane a waccan damina nawa ne. Na fara da wannan don ba wanda ya taɓa rubuta shi.

Tsakanin unguwarmu da garake, inda ake noman kayan miya, akwai wani kwari da ruwa ke bi ya faɗa tabki. 'Yar gadar da ke kansa ta karye tun ina kwaleji. Da rani ba a damu ba, amma da damina laka ce har gwiwa, kuma ta nan innata ke bi kullum da kwandon kayan miya a kai. Ranar da ta zame ta dawo gida tana ɗingishi na ce abin ya isa, zan ɗauki bidiyo in watsa.

Baba ya ce ɗiyarsa ba za ta nuna fuska a waya ba. Ban yi musu ba, na san banza ne. Na tafi wajen ɗiyar kawuna, taubashiyata, wadda ubanta ɗan canji ne a Ɗan Issa kuma bai hana ta komai. Ba ta taɓa zuwa garka ba. Na rubuta mata abin da za ta faɗa, ta tsaya kan tudu da hijabinta mai ruwan goro ta faɗe shi, ni kuma na shiga lakar ta ɗauki ƙafafuna ina ciro su da ƙyar. Aka haɗa. Duk wanda ya kalla sai ya ɗauka ƙafa da fuska na mutum ɗaya ne.

Abu ya tashi kamar wasa. Mutanen Gabi suka fara turo hoton ƙafafunsu cikin tasu lakar, direbobi suka kai shi Katsina, wasu 'yan Yamai da ba su san hanyar Madarumfa ba suka riƙa shafa taɓo a ƙafa suna ɗauka. Aka kira taubashiyata rediyo a Maradi. Na zauna tsakar gida ina tsinke zogale, ina jin maganata na fitowa daga bakinta, har da wurin da na ce mata ta ɗan yi shiru. Mai shirin yana ce mata jaruma. Da ta dawo ta leƙo da sabon takalmi sau-ciki.

"Ke baiwata, kin ji ni?"

"Na ji ni dai," na ce.

Ta yi dariya, ta ɗauka wasan taubasai ne.

Daga nan na koma cikin masu cewa aikin banza ne, kuma suna da yawa. Shugabarsu wata tsohuwa mai tuyar kifi a bakin tasha, ƙawar kakata. Takan ce ita tun da take ba ta ga waya ta ɗauki shebur ba. Da lameri, wato ofishin magajin gari, ta aiko da kamiyon jar ƙasa aka zuba a kwarin, ruwan farko ya kwashe ta ya kai tabki, tsohuwar ta yini tana shewa. Ni ma na taya ta, har na fi ta. Tana juya kifi ta kalli ƙasa.

"Ke, ja can, ja'ira. Wannan tabon na idon sawu, ba a gabana salansar babur ta ƙona ki ba? Ƙafarki ce a wayar."

A duk garin wadda ba ta yarda da abin ba ita kaɗai ta kalle shi da kyau. Daɗin da na ji ranar har kunya ya ba ni.

Taubashiyata ta zo ta ce a sake wani bidiyon, tunda ƙasar ta tafi. Na ce ai tana da ƙafafu biyu. Ta tafi ta shiga lakar da kanta, wannan kam na yaba mata. Sai dai ƙafarta sumul take, ba kaushi ba tabo, kuma masu kallo ba makafi ba ne. Aka jera hoton farko da na biyu. Aka ce ƙarya ce tun farko, wai wata ƙungiya ta biya ta, wai kwarin ma ba a Nijar yake ba. Masu yabonta jiya su suka fi zaginta. Na karanta duka ban tsallake ko ɗaya ba.

Amma da safe inna ta naɗe zane ta ɗauki kwandonta, ƙafar ba ta gama warkewa ba. Idan aka tabbatar ƙarya ce, ko jar ƙasar ba za a sake gani ba.

Na je gidan kawu na same ta kwance, ido ya kumbura.

"Tashi, uwar ɗakina. Ɗauko wayar."

Muka tsaya tare cikin lakar, ƙafa huɗu. Ta faɗi gaskiya, ta nuna tabon ta ce na 'yar'uwarta ne wadda ba a bari ta fito. Daga gwiwa zuwa ƙasa kawai aka gan ni.

An yarda. Aka kuma yabe ta, wai ga yarinya mai gaskiya, aka sake kiranta Maradi. Bayan damina lameri ta kawo duwatsu aka jera a kwarin. Ba gada ba ce, kuma tsohuwa mai kifi ta ce zaɓe ne ya matso, ba waya ba. Wataƙila da gaskiyarta. Inna dai tana tsallakawa ba ta naɗe zane.

Duwatsun kuwa yara sunan taubashiyata suke kiransu da shi. Kullum sai na taka su, kuma kullum sai na ji haushi.