Yankan Ciyawar Kufai

Na yi tuƙin tarakta a wata gonar gwamnati a ƙasar Faskari, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Ƙaramar tarakta ce mai ruwan toka. Da ita muke huɗa, da ita muke jan tirela in an ɗebe auduga. Gonar tana da shanun noma da yawa, kuma kowace shekara in rani ya yi nisa sai su rame. Don haka aka ce a riƙa yankan ciyawa tun tana ɗanya, a ƙarshen damina, a busar a ajiye musu. Filin da aka ware don wannan aiki kufan garinmu ne.

Mun tashi daga wurin ne bayan rijiyarmu ta ƙafe, muka koma bakin hanyar mota. Maƙabartar manya an bar ta da shingenta, ba wanda ya taɓa ta. Amma a zamanin nan ƙananan yara ba a kai su maƙabarta a ƙauyenmu. A bayan gida ake sa su, jikin danga. 'Yata ta fari tana can. Ta fara tafiya ke nan ƙyanda ta shigo garin.

A wurinmu mutum ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in ya rasu kuma ba ya nuna abin ya taɓa shi. Ranar da aka sa ta ina zaune a ƙofar gida ina amsa gaisuwa. Mahaifina da ƙannensa suka yi komai. Abin da na sani dai bayan rumbunmu ne, kusa da wata kanya. Ni da uwarta ba mu taɓa yin zancen ba. Daga baya mahaifina ya rasu. Leburorin gona suka sare itatuwan kufan, suka tone kututture, suka baje sauran katangu, ciyawa ta rufe komai.

Wata ranar kasuwa mota ta zo daga Funtua da injunan yankan ciyawa guda biyu. Malamin gona, wani mutumin Ƙanƙara mai sanyin magana, ya kira ni da makanikenmu. Ya ce ɗaya za mu riƙe, ɗayar za a wuce da ita wata gona wajen Sabuwa, kuma Baturen da ke shugabancin gonar ya ce a tambayi direba.

Dukansu doguwar wuƙa ce mai haƙora, tana miƙewa ta hannun dama, tana kai da komowa da sauri. Inda ake ɗaura su ne ya bambanta. Ɗaya a baya ake rataya ta, inda muke ɗaura garma, kuma mutum biyu za su ɗaura ta kafin koko ya huce. Ɗayar a ƙarƙashin cikin tarakta take zama, tsakanin tayar gaba da ta baya. Kafin a ɗaura wannan sai makanike ya kwanta a ƙasa da sufana daga safe har kusan azahar, kuma tana nan ɗaure ba a jin daɗin yin wani aiki da taraktar.

Muka gwada su a ciyawar da ke bayan rumfar injuna. Da ta baya, sai na juya wuya ina duban wuƙa don kada ta sari dutse, hannuna yana kan sitiyari, taya tana tafiya inda ban gani ba. Da ta cikin kuwa, idona yana gaba. Ina ganin wuƙar a ƙasan gwiwata, ina ganin ƙasar da ta buɗe, ina ganin inda taya za ta taka.

Wuƙar ba ta dame ni ba, don sama-sama take bi. Taya nake tsoro. Kabarin yaro ba shi da zurfi. Ana jera itace ko fasassun tukwane a kai sannan a zuba ƙasa, ƙarƙashin kuwa rami ne. Na sha ganin tayar baya ta faɗa ramin gafiya da bai kai wannan ba.

Makanikenmu Banufe ne, ni kuwa Bakatsine, don haka akwai wasa tsakaninmu, ba ya raga mani.

"To, bawana," ya ce, "ka gani dai. Ta baya za mu riƙe."

"Ta cikin nake so."

"Ta cikin! Wa zai kwanta a ƙasa ya ɗaura maka? Ubangidanka? Malam, ka ji bawa yana neman ya kwantar da ubangijinsa a cikin turɓaya."

"Ai kun saba kwanciya cikin laka a bakin kogi," na ce mashi. "Turɓayarmu ma tsabta ce gare ka."

Ya yi dariya, ya jefe ni da tsumman mai. Malamin gona bai yi dariya ba. Ya ce maganar makanike tana kan hanya. Gyaɗa ta kusa isa cira, za a buƙaci tarakta da tirela, kuma ta baya ce ake cirewa da sauri. Ya tambaye ni dalilina.

Na ce kututture. Ya ce an tone su. Na ce akwai suri, akwai duwatsu. Ya ce leburori za su bi su kafa sanda a kan kowane suri. Na tsaya ina duban ƙasa. Kalma ɗaya ce da zan faɗa ya gane, don shi ma Bahaushe ne, ya san yadda ake yi. Amma bakina bai iya ba. Ban taɓa cewa "'yata" a gaban mutane ba tana da rai, ban ga yadda zan fara ba a gaban makanike da leburori.

Shugaban leburorin wani dattijo ne daga tsohon garinmu, kowa Baba yake ce mashi. Yana zaune a kan taya yana wasa lauje. Bai ɗago kai ba ya ce, "Malam, ka bar mashi ta cikin. Shi zai hau."

Malamin gona ya dube shi, ya dube ni. Ya ce to, amma in gama kufan kafin a fara ciran gyaɗa. Makanike ya shiga ƙarƙashin tarakta yana zagin Katsinawa tun daga kakanninsu.

Na shiga filin da hantsi, bayan raɓa ta bushe. Kyasuwa ce mafi yawa, ta kai ƙirjin mutum, ta fitar da jan kai. Na fara daga gefe ina zagayawa zuwa ciki, yadda kowane zagaye taya za ta bi inda wuƙa ta riga ta share. Ciyawa tana faɗuwa a jere, ƙasa tana fitowa. Na ga dutsen niƙa a kife. Na ga duwatsun murhu guda uku a zaune yadda aka bar su, da baƙin hayaƙi a jikinsu. Na ga kasko, na ga bakin tulu. Duk na garinmu ne, amma ban iya cewa wannan gidan wane ne ba. Gari in babu bango babu itace, sai ya zama ɗan ƙarami. Inda na yi zaton tsakiyar gari ne sai in ga na riga na wuce shi.

Can wuƙa ta buɗe wani wuri da ƙasa ta ɗan lotsa, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Ciyawar wurin ta fi ta kewaye duhu. Na taka birki, na ɗaga wuƙa, na ja baya, na kewaye shi. Zuciyata ta ce ita ce. Ban yi nisa ba sai ga wani, irinsa. Sai ga wani kuma. A shekarar ƙyandar nan gidaje kaɗan ne ba su haƙa bayan danga ba, na san wannan, amma ban taɓa tunanin yawansu ba sai ran nan. Daga nan duk inda na ga ciyawa ta yi duhu sai in kauce tun wuƙa ba ta kai ba.

Sau ɗaya na ji tayar baya ta ɗan nutsa, kamar ka taka ƙwarya a ƙarƙashin tabarma. Na kashe injin na sauka. Ƙasa ta rufta kaɗan, ban ga itace ba, ban ga kasko ba. Yana iya zama ramin gafiya, yana iya zama tsohon ramin shara. Ban tona ba. Na tura ƙasa da hannu na cike wurin, na yi addu'a. Da injin ya yi shiru wurin ya yi tsit ƙwarai. Ba zan ce na ji wani abu ba. Na dai tsaya ina saurare, kamar yadda mutum yake yi a ƙofar gidan da ya yi sallama ba a amsa ba.

Da na gama, filin ya fito a share amma da tsibi-tsibin ciyawa a tsaye nan da can, mafi yawansu a kusurwar gabas. Malamin gona ya zo a kan kekensa da la'asar. Ya ce, "Direba, wannan wane irin aski ne? Ba don ka gani da kyau ka zaɓi ta cikin ba?"

Baba ne ya amsa. "Yara ne, Malam. Na shekarar ƙyanda."

Malamin ya sauka daga keken. Ya daɗe yana duban filin. Bai tambayi ko na wane ne ba. Ya ce gobe a saro ƙaya a kewaye kusurwar, shi zai yi wa Bature bayani. Makanike yana wurin, ya zo duba haƙoran wuƙa. Tun daga ranar bai sake yi mani tsiya a kan injin nan ba, ko da yake sauran tsiyar bai bari ba.

Na tambayi Baba a gefe ko ya tuna inda rumbunmu yake. Ya juya gabas, ya juya arewa, ya ce da kanyar tana nan da ya nuna mani. Aka yi shingen inda tsibin suka fi yawa. Wurin da taya ta nutsa na sa aka haɗa da shi.

Labari ya kai gari kafin in kai.  Bayan 'yan kwanaki, matata tana ba ni ruwan alwala, ta ce, "Malam, an ce akwai tafasa da yawa a kufai. In ka yarda in je in tsinko."

Tafasa tana ko'ina a bayan gidanmu, kuma lokacinta ma ya wuce. Na ce ta shirya in raka ta.

Muka tafi da safe, tana bayana da ƙwarya a kai, da goyon ƙaramin ɗanmu. Na nufi shingen. Ita ba ta ko dube shi ba. Ta tsaya a tsakiyar fili tana duban wani dutse da ke can nesa wajen kudu. Ta ce kullum in ta hau ɗibar hatsi a rumbu, dutsen nan yana saitin kafaɗarta ta hagu, rana kuma tana dukan ƙeyarta. Ta matsa gaba, ta koma baya, ta sake duban dutsen. Ta yi ta yin haka har ta fita daga saitin shingen gaba ɗaya. Sannan ta tsaya.

"Rumbun nan yake," ta ce. Ta yi 'yan taku. "Dangar kuma nan."

Wurin a share yake, na yanke shi tas. Ƙasa ba ta lotsa ba, ciyawar ba ta bambanta da sauran ba. Sawun taya yana nan a fili, don an yi yayyafi kafin in yi yankan. Sawu ɗaya ya bi ta damanta, ɗaya ta hagunta. Tarakta ta bi ta kan wurin, ya wuce ta tsakanin tayoyi, daidai ƙarƙashin kujerar da nake zaune.

"Kin tabbata?" na ce.

"Ina jin nan ne."

Ta sauke ƙwaryar, ta durƙusa, ta dafa ƙasar da tafin hannu. Yaron da ke bayanta ya fara motsi, ta jijjiga shi ba ta tashi ba. Ni na juya ina duban shanu da ke kiwo can bakin fili, don kada ta ga fuskata, kada kuma in ga tata.

Da ta miƙe sai ta ce, "Ƙayar da ta rage, akwai?"

Na ce akwai. Na je na jawo rassan da leburori suka bari, na kewaye wurin shi kaɗai, ɗan shinge da bai fi faɗin tabarma ba. Ban nemi izinin kowa ba, ba wanda kuma ya tambaye ni.

Na ƙara shekaru ina yankan filin nan da wuƙar ciki, ina kewaye babban shinge da ƙarami. Matata ba ta sake zuwa ba har Allah ya karɓi ranta. Ban san ko ƙaramin ne daidai ba, ko tana cikin babban, ko kuwa tana wani wuri da nake bi kowace kaka. Shi ya sa ban taɓa sa wa tarakta babbar giya a filin ba, ko da hadari ya taso ana kirana in yi sauri.