Geron da ya fito a Thumama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan labari ya same ni: Baba Ilu ya rasu. Jiya da la'asar, a ƙauyensu can wajen Haɗeja.

Ni ne Babban Daraktan Ciyawa da Furanni na ƙasar Qatar baki ɗaya, daga ofishina da ke can ƙololuwar bene a West Bay nake wannan rubutu. Ban saba yin magana a kan ƙananan ma'aikata ba, amma Baba Ilu daban ne. Ku tsaya ku karanta, kar ku wuce.

Da farko ina so jama'a su san ta inda labarin ya biyo. Iyalinsa ba su kira ni ba. Awudu suka kira. Awudu ɗan Zangon Kumasi, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba sai da ya zo ƙasar nan. Shi aka fara faɗa wa, shi ya fara sa hoto, yanzu haka mutane na ta yi masa ta'aziyya kamar shi ne ɗan fari.

To, ba komai.

A shekarar korona, kamfani ya ajiye masu lambu uku a wani babban gida a unguwar Thumama. Dokar kulle ta rutsa da mai gidan a ƙasar waje, saboda haka daga su sai tantabarunsa. Akwai Baba Ilu, shi ne babba. Akwai Awudun nan. Sai kuma Sagir, matashi mai hankali da ƙoƙari, wanda har yau ba a san darajarsa ba.

Kullum da safe, kafin rana ta fara duka, sukan zauna gindin wata kurna a bayan gida su sha shayi. Hirar Baba ba ta wuce uku: iska, tsuntsaye, da gona.

Wata safiya ya ajiye kofi ya ce, "Kaka ta kusa."

Sagir ya ce, "Haba Baba, wace kaka? Ƙasar da ko kara ɗaya babu?"

"Kai ja'iri, je ka buɗe tiyo. In ruwan ya ƙona maka hannu kamar na wancan satin, ka dawo ka ƙaryata ni."

Na je na buɗe. Wato Sagir ya je ya buɗe. Ruwan ya yi sanyi-sanyi.

Haka yake gane lokaci. Ba kalanda, ba waya. Ruwan tiyo, da ranar da gumin nan mai manne wa mutum riga ya fara saki, da tsuntsayen da ke sauka kan ciyawa kwana biyu su wuce. In ya ga alhudahuda yana caccakar ƙasa sai ya tsaya cak da aiki.

"Kun gan shi? Baƙo ne, hanya ce ta biyo da shi. Daga nan sai fadamarmu. Ba biza, ba kafil mai riƙe masa fasfo, ba mai zura masa tsinke a hanci."

Awudu ya ce, "Chale, Baba, ba shi saƙo mana."

Sai Baba ya sauke takunkumi ya ce wa tsuntsun, "Ka ce wa Hajara ta ɗaure awaki, wake bai bushe ba tukuna."

Hajara matarsa ce. Allah ya ba ta haƙuri.

Akwai wata bushiya da ke fitowa daga ƙarƙashin tankin ruwa in zafi ya sauka. Baba yakan ajiye mata ruwa a murfin roba. Wata rana aka tsince ta a cikin takalmin aikin Awudu. Ihun da ya yi har tantabaru sai da suka tashi. Ba a san wanda ya sa ta ba, amma Baba bai yi bincike ba, kunnen Sagir kawai ya murɗe.

A nan matsalar take. Awudu "ɗana" ne. Sagir "ja'iri" ne.

Ɗana, zo ka ga yadda ake wasa almakashi. Ɗana, datsa daga nan, kar ka ji wa reshen ciwo. Ɗana, shanye sauran shayin nan.

Kai ja'iri, ja tiyo.

Alhali Sagir ne ɗan manomi. Shi ya san bambancin gero da maiwa tun yana bin babansa gona. Awudu ba abin da ya fi shi sai Turancin da yake yi da mudir, shugaban aikinsu, da iya cewa "to Baba" da ladabi.

Sai aka ba Awudu fangalin fure na bakin get, wanda duk mai shigowa shi yake fara gani. Aka ba Sagir bayan kicin.

Abincin tantabarun gidan gero ne, buhu guda. Baba in ya gani yakan girgiza kai ya ce, "Ka ga ƙasar da gero abincin tsuntsu ne." Wata rana da rana tsaka, kowa ya shige ɗaki yana gudun zafi, wani ya ɗebi geron nan cikin tafi biyu ya watsa a fangalin Awudu, ya bi da ƙafa ya rufe. Nufinsa furen ya cika da haki, mudir ya zo ya ga ɗan gaban goshin Baba bai iya komai ba.

Kwana huɗu, ya tsiro.

Awudu ya durƙusa zai fara cirewa, Baba ya riƙe masa hannu. Ya tsuguna, ya kama ganye ɗaya tsakanin yatsunsa.

"Wannan ba haki ba ne. Wanda ya cire, ni da shi."

Awudu ya ce, "Wallahi Baba, ba ni na shuka ba."

"Na ji. Allah ya yi wa hannun da ya zuba shi albarka."

Awudu ya ce amin da ƙarfi, yana washe baki. Ku duba min wannan abu. An haƙa wa mutum rami, ya faɗa ya tarar da katifa. Sagir kuma ba halin ya ce shi ne, don in ya faɗa sai an tambaye shi dalili.

Mai gida ba ya nan, mudir yana tsoron korona ba ya zuwa. Gero ya samu ruwa safe da yamma, abin da bai taɓa samu a gonar kowa ba. Ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya wuce kan Baba. Baba ya yi masa firi, ya rage masa yawa, yana zagaya shi kamar mai jinya. Hirar gindin kurna ta koma bakin get.

"Ya yi ciki."

"Ya fara fitar da kai."

"Yanzu haka a gida an fara tumu. Yara na yawo baki duk baƙin gawayi."

Da ya fara nuna, gwara suka taso daga ko'ina cikin unguwar. Sagir ya ɗaura gwangwanaye a igiya don kora. Baba ya ce a bar musu layin ƙarshe na jikin katanga. "Su ma baƙi ne kamar mu." Wani direba ɗan Sudan da ke maƙwabta ya leƙo, ya tsaya ya yi ta kallo, ya ce a bar shi ya ɗauki hoto ya tura wa mahaifiyarsa.

Duk wanda ya tambaya, gonar Awudu ake ce masa. Gonar Awudu!

Ranar da mudir ya zo ba sanarwa, ya fito daga mota ya ga karan gero ya rufe get, sai da ya cire takunkumi don ya samu damar yin faɗa sosai. Ya tambayi mai fangalin. Aka nuna Awudu. Ya ce khalas, zance ya ƙare, Awudu ya haɗa kayansa, kamfani ba ya buƙatar sa.

Abin da Sagir ya nema ke nan tun farko. Amma da ya ga Awudu tsaye, ga uwa da ƙanne a Kumasi, sai murnar ta ƙi zuwa. Duk da haka bai fito ya ce shi ne ba. Wannan gaskiya ce, kuma ba ta da daɗin rubutawa.

Baba ne ya matsa gaba. Ya dafa ƙirji ya ce da Larabcinsa na kasuwa, shi ne. Shi ya shuka, shi ya hana a cire.

Aka ɗauke shi daga inuwar gidan aka kai shi ciyawar tsakiyar titi a Al Rayyan, wata biyu, dattijo, cikin hayaƙin motoci. Kafin ya tafi ya roƙi awa ɗaya, ya yanke zangarniyar da hannunsa. Da aka sussuka ko kwano biyu bai cika ba. Ya dama kunu a tukunyar shayi, kowa ya samu rabin kofi.

Ban taɓa shan kunu mai ɗaci a maƙogwaro irin wannan ba. Sagir, nake nufi. A zuciyarsa cewa yake: ka gani ko, saboda ɗansa har titi ya yarda ya koma. Da ni ne, wa zai tsaya min?

Shekara biyu yana ɗauke da wannan.

Bana aka kwashe su duka aka kai su filin atisayen ƙwallo, shirin Kofin Duniya. A can suka ga ikon Allah: ana hura wa ciyawa iska mai sanyi don ta zaci lokacin sanyi ya yi, a watsa mata sabon iri. Baba ya ce, "Ciyawa da AC, mu da fanka." Aikin Sagir korar tsuntsaye daga kan irin. Aikin Awudu tuƙa injin yankan ciyawa, a zaune. Kun dai san wanda ya zaɓe shi.

Tari ya matsa wa Baba. Saura 'yan makonni a fara wasa ya ce gida zai tafi. Aka ce ya daure ya ga ƙwallo a kan ciyawar da ya raina.

Ya ce, "Ni ba ƙwallo na zo gani ba. So nake in tarar da dawa a tsaye."

Ganinmu na ƙarshe a bakin kam ne, masaukin ma'aikata, da hantsi, yana jiran motar da za ta kai shi filin jirgi. Ya ciro almakashinsa, wanda ko taɓawa ba ya bari a yi, ya miƙa wa Awudu. Ya rungume shi. Ya yi masa addu'a doguwa.

Ni ina gefe riƙe da jakarsa, ina kallon takalmina.

Sai da mota ta tsaya ya juyo. "Kai ja'iri, zo nan."

Ya zura min wani ƙullin leda a tafin hannu. Na taɓa, na ji ƙwayoyi.

"Ga abinka. Na rage maka iri. Wannan karon ka shuka a naka fangalin."

Na ce, "Baba…"

"Ta taga na gan ka ranar. Ko ban gan ka ba, Awudu ya san a bi iri da ƙafa a rufe? Ɗan manomi ne kawai zai yi mugunta kuma ya yi ta daidai."

Na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Shekara tara ina ƙasar nan, kaka ɗaya na yi, kuma kai ka ba ni ita. Yalla, maza sa min jakar a mota."

Ashe ba don Awudu kaɗai ya je titi ba. Da ya faɗi gaskiya, ni za a kora.

Ya tarar da dawarsa a tsaye. Ɗansa na cikinsa ya faɗa wa Awudu har gona aka kai shi a kan babur, ya zauna a gindin kuka yana faɗa wa masu yanka ba su iya ba. Mu muna nan muna korar gwara daga ciyawar da ba a ci, gari ya cika da masu tutoci da ganguna, shi kuwa ya tafi cikin ƙamshin sabon hatsi, a gaban Hajara. Ko a nan ma ya fi mu.

Ɗazu na kasa haƙuri na tare Awudu a bakin famfo. Na ce, "Me ya sa kai aka kira?"

Idonsa jawur. Ya ce, "Massa, ka manta abin da ka yi wa wayar Baba?"

Sai na tuna. Tun zamanin kulle na ɗauki wayarsa na canja sunana, na rubuta Babban Darakta Qatar. Baba ba ya karanta boko, da hoto yake gane lamba. Da ya rasu ɗansa ya buɗe wayar, ya ga Awudu Ghana, ya ga Babban Darakta. Ya ce shi ba zai iya damun babban mutum da sassafe ba.

Awudu ya ce ya taɓa cewa zai gyara sunan, Baba ya hana. Wai, "Bar masa. Ko a waya ne, ɗan nawa ya zama wani abu."

Ɗan nawa.

Sau ɗaya ya faɗa, kuma ba a gabana ba. Awudu ne ma ya ji. Har wannan sai da ya riga ni.

Allah ya jiƙan Baba Iliyasu. Allah ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya sanyaya masa fiye da inuwar kurnar nan. Yadda ya rufa min asiri, Allah ya rufa masa ranar da ba mai rufawa sai Shi. Allah ya ba Inna Hajara da yaran haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah kar ya tsaya a danna hoton kuka. Ya karanta masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ne, ya sa shi a sujada.

Awudu, ka ji da bakina yau: ni na zuba geron, kuma don a kore ka na zuba. Ka yafe min. Almakashin ma na daina ɓoye maka, yana ƙarƙashin katifata.

Sauran jama'a kuma, na san tun tuni kun gano. Ba ofis, ba bene, West Bay ma daga tagar bas nake hango ta. Na ari sunan ne don na lura in babban mutum ya yi rubutu an fi tsayawa, ni kuma so nake addu'ar da za a yi wa Baba a nan ta fi ta shafin Awudu yawa.

Ni ne Sagir, mai jan tiyo. Ja'irin Baba Ilu. Daga bayan kam nake rubutun nan, a tsugune, kusa da wani ɗan fangali da na share ɗazu, ƙullin ledar yana aljihuna.